Ranar da Aka Tambayi Habsu da Hausa

Mu arba'in aka tara a Gummi, malaman kimiyya da lissafi daga Anka da Bukkuyum da nan cikin gari, wai za a koya mana yadda za mu taimaki yaran da Turanci ke yi wa shamaki a aji. Mai ba da bitar, Malama Surayya, daga Gusau aka turo ta. Ta san aikinta, ban hana mata wannan ba. Tausayi ne dai ba a raba da ita ba.

Dabararta mai sauƙi ce. Ka fara tambayar yaro da Hausa. In ya amsa, to kansa lafiya lau, Turanci ne ya tsare shi, sai ka ɗora masa kalmomin a hankali. Ta ce gobe a kawo ɗalibi na gaske a gwada a gabanmu.

Malam Sahabi na Bagega, wani gari a ƙasar Anka, har rawar jiki yake yi. Mu 'yan Anka mun san dalili. 'Yarsa Habsu tana goye lokacin da gubar dalma ta yi ɓarna a garinsu. Ta rayu, amma shekara uku ke nan tana maimaita aji ɗaya. Kowa ya san abin da ya taɓa ta, ban da ubanta.

"Turanci na kawai yat tsare ta," haka yake ce mana kullum. Mu kuma mu gyaɗa kai.

Washegari ya zo da ita, an wanke mata hijabi tas. Bai gaya wa Malama ko wace ce ba. So yake sai ta burge tukuna.

Malama ta ajiye kwanon ruwa a kan tebur, da tsakuwa da guntun kara.

"Yarinya, in na saka su a ruwa, wanne zai nitse?"

Habsu ta kalli kwanon, ta kalli silin. Malama ta maimaita. Ta ba ta tsakuwar da karan ta riƙe, ta sake tambaya da Hausar da ko ɗan yaye zai gane. Habsu ta yi murmushi, ta miƙa mata tsakuwar da karan duka biyun.

Wani a baya ya fashe da dariya, ta bazu. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini, kuma har yau ina jin kunyar abin.

"Kun ga amfanin dabarar," in ji Malama, ta juyo gare mu. "Wannan ba matsalar Turanci ba ce, ƙwaƙwalwar ce babu. Kada ku ɓata lokacinku a kan irinta. Wa ya kawo ta?"

Malam Sahabi ya miƙe a hankali.

"'Yarka ce, Malam?"

Mu da muka sani muka sunkuyar da kai.

"A'a," ya ce. "Ɗaliba ta dai, cikin ajina take."

"To a nemo mana mai lafiya."

Aka fitar da Habsu baranda. Da aka tashi cin abinci, na ga ya ɗauki shinkafarsa ya kai mata, ya tsuguna a gabanta.

"Habsu, karɓi ki ci."

Ta sa hannu biyu ta karɓa, ba ta ɗago kai ba.

"Na gode, Malam," ta ce.