Hanyar Ɗan Gajimare a Bangon Isufu

Kafin kowa ya ankara, Gidaɗo ya watsa ƙwaryar fura da nono a bangon shagon Isufu maɗinki, ya bi da hannun rigarsa yana gogewa kamar mai kashe gobara. Nono na gangarowa, gawayi na narkewa, zanen da aka yi kwana shida ana yi yana komawa baƙin caɓi.

Kowa a rumfar gaban shagon ya juyo. Masu ɓarar gyaɗa suka tsaya da ɓawo a hannu. Isufu ya diro daga benci, allura a baki, ya cafke shi ta ƙugu, mutum biyu suka riƙe masa hannuwa.

"Ka haukace ne, Ɗan Fulani? Tafkin Gawo ka shafe mini."

Idon Gidaɗo na kan mutum ɗaya, mai jar hula da bulala a kafaɗa: Bunu, dogarin kumandan, Baturen mulkin Magarya.

Ga yadda abin ya faro. Duk ranar kasuwar Waca, bayan azahar, Baba Tsoho kan zauna a wannan rumfa ya ci gaba da labarin Ɗan Gajimare, hatsabibin bokan da ya sace garken Sarkin Aljanu yake gudu da shi daga rijiya zuwa rijiya. Tun kaka ake wannan labari, kuma ya kama mutane kamar ƙaiƙayi. Wanda bai samu zuwa kasuwa ba, sai ya tare masu dawowa a bakin hanya. Gardamar da ake yi a kansa ta fi labarin tsawo: a wane wata boka ya ƙetare Fadamar Kuraye, ina ya yi sallar Layya, yaya aka gan shi a wuri biyu daren cika-ciki. Akwai 'yan'uwa biyu da suka yi mako ba sa gaisawa a kan wannan.

In gardama ta yi zafi, Gidaɗo ake juyowa. Baba Tsoho gwanin baki ne, amma ko akuya bai taɓa kiwo ba. Sai ya ce boka ya kora garke daga wannan rijiya zuwa waccan a yini guda, Gidaɗo ya ji kamar an taka masa ƙafa. Ya yarda boka na iya hawan guguwa. Amma saniya saniya ce, ko ta aljanu. Mai ciki ba ta yini biyu ba ruwa. Sai ya gyara zama ya ce a'a, dole a yada zango a Rijiyar Makafi. Wani mako ya ce daga Fadamar Kuraye ba hanya sai ta Tafkin Gawo. Da aka tambayi kamannin bijimin da ke jan garken, shi ya bayar: ja ne, ƙahon hagu a karye, farin tabo a goshi kamar jinjirin wata. Baba Tsoho ya karɓa ya zuba a labari, jama'a na cewa kai, Gidaɗo ya san dawa kamar tafin hannunsa.

Hanya ɗaya ce tak a cikin kansa, ita ya yi ta bayarwa guntu-guntu. Ita ce hanyar ƙanensa Hamman, bijimin ma na garkensu ne.

Tun da yaƙin Nasara ya tsananta, kumandan ya sa a riƙa kwasar shanu ruga-ruga don ciyar da soja. Gidansu Gidaɗo suka bar tsofaffin shanu huɗu a bayan gona don idon dogarai, sauran dukiyar tun ta kakanni Hamman ya shige daji da ita. Wata huɗu ke nan Bunu na yawo tsakanin Dungas da Waca yana neman garken da ya ɓace, ranar kasuwa kuma ya ɗaure dokinsa ya zauna a sahun gaba, don duk rumfar ba wanda ya kai shi son Ɗan Gajimare.

Wannan makon Isufu ya gaji da musu. Ya ɗauki gawayi ya zana dukan tafiyar boka a bangonsa, zango bayan zango, kowane da watansa. Gidaɗo ya iso da ƙwaryarsa, ya ɗaga kai, ya ga abin da bakinsa ya tara. Ga Bunu tsaye gaban bango, yana bin layin da kan bulala, yana cewa in da shi ne Sarkin Aljanu ba zai wahal da kansa ba, a Kwarin Ɗinya zai je ya jira, don daga Tafkin Gawo ba sauran ruwa sai can.

A Kwarin Ɗinya Hamman yake tun shekaranjiya.

Yanzu ga Gidaɗo a riƙe, rigarsa ta yi baƙi ƙirin. Bunu ya tako a hankali. Babarbare ne, tsakaninsa da Gidaɗo kullum wasa ne da zolaya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Ya dubi bangon, ya kwashe da dariya, ya ce aikin banza aka yi, shi ya riga ya haddace. Ya shiga jerowa da yatsu: Rijiyar Makafi a watan Layya, Fadamar Kuraye da cika-ciki, kwana goma sha biyu a Tafkin Gawo, sai Kwarin Ɗinya kafin sallar Gani. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Sai dariyar ta ɗauke daga fuskar Bunu. Ya dubi nonon da ƙasa ke shanyewa, ya ɗago.

"Bawana, shekarata ashirin ina cikin Fulani. Na ga wanda ya zubar da hawaye, na ga wanda ya zubar da jini. Ban taɓa ganin wanda ya zubar da nono da hannunsa ba. Me ke jikin bangon nan?"

Wata mai tuyar ƙosai ta leƙo daga rumfar gefe, mataci a hannu. Gidaɗo ya laluba cikin kansa, ya tarar abu ɗaya kawai yake da shi na sayarwa a wannan wuri, shi ne sunan da ya yi.

"Ƙarya ce a jiki," ya ce. "Tawa."

Isufu ya sake shi kamar ya taɓa garwashi.

Gidaɗo ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Ya ce bai taɓa taka Kwarin Ɗinya ba a rayuwarsa. Ya ce jiya ya gamu da wani tsohon makiyayi, ya gaya masa rijiyar can ta rufta shekara uku da suka wuce, abin da ya rage ruwan kanwa ne, ko jaki ba ya sha. Sauran zangunan ma ji ya yi a bakin mutane, ya riƙa faɗa don a ce ya sani. Da ya ga an ɗora ƙaryarsa a bango kowa na kallo, kunya ce ta rufe shi.

Rumfar ta hautsine. Wani ya tuna masa mako uku da suka wuce ya rantse ruwan Kwarin Ɗinya ya fi zuma. Wani ya ce a kan maganarsa ya ƙaryata surukinsa a gaban jama'a, yanzu da wane ido zai dube shi. Isufu kuwa bai yi faɗa ba, abin ya wuce faɗa. Zama ya yi a bakin benci yana kallon yatsunsa masu baƙin gawayi, yana tambaya ko kwana goma sha biyun nan na Tafkin Gawo ma ƙarya ne. Gidaɗo ya ce e. Kowace e da ya furta sai ya ji kamar ana fige masa gashin gemu. Shi ne mutumin da ake aiko wa tambaya daga ƙauyuka uku. Daga yau ko farashin gero ya faɗa sai an nemi shaida.

Bunu ya juya wajen mai labari.

"Baba, kai ne mai boka. Ina ya nufa daga Tafkin Gawo?"

Baba Tsoho yana zaune a kan buzunsa tun ɗazu, yana ɓare gyaɗa ɗaya-ɗaya yana jefawa a baki. Ya dubi Gidaɗo. Ya daɗe yana dubansa. Sannan tsohon ya karkaɗe cinyarsa, ya ce ai shi dama dariya yake yi musu a ciki. Wa ya ce hatsabibi yana bin hanyar da maɗinki zai iya zanawa? Ɗan Gajimare ya san Sarkin Aljanu zai tare kudu, wajen Kwarin Ɗinya, don haka daren da ya bar Tafkin Gawo ya juya wa shanun kofato, sawu na nuna kudu, garke na tafiya arewa. Yanzu haka yana bayan Damagaram, cikin rairayi, inda wata tsohuwa mai ido ɗaya ke tsaron rijiyar da ba ta da gindi.

Sai tambayoyi suka ɓarke. Isufu ya miƙe yana neman gawayinsa, yana cewa to in haka ne dole a sake lissafin daren cika-ciki gaba ɗaya. Bunu ya dafe kai.

"Juya kofato," ya ce. "Wallahi da ni ne da na kwana a Kwarin Ɗinya ina gadin ƙasa."

Ya zungure Gidaɗo da gindin bulala, ya ce dama ya sani, Bafillace ko hanyar gidansu ka tambaye shi sai ya nuna maka ta maƙwabta. Aka yi dariya, dariyar da ba daɗi. Wanda Gidaɗo ya saba zama kusa da shi ya ja tabarmarsa gefe. Gidaɗo ya ɗauki ƙwaryarsa, ya koma can ƙarshen rumfa inda rana ke dukan rabin jiki, ya zauna. Mutunci ya tafi, amma shanu na nan. Ya ƙudura da an watse zai kama hanya, ya gaya wa Hamman ya tashi kafin wani ya sake tunani.

Baba Tsoho ya gyara murya zai shiga labarin tsohuwa mai ido ɗaya, sai wani jaki ya tsaya a bakin rumfar. Mai shi dogo ne, siriri, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ba wanda ya san fuskarsa. Ya yi sallama yana haki, ya tambaya ko nan ne rumfar mai labarin Ɗan Gajimare. Ya ce sunansa Halilu, falke ne daga Dantchiao. Can ma labarin ya isa, gardama ta raba majalisarsu biyu, wasu na cewa ƙage ne, wasu na cewa wuraren nan akwai su. Shi da ya ga hanyarsa ta biyo ta wajen, sai ya ratse don ya kashe musun da idonsa.

Gidaɗo ya yunƙura zai tashi, sai baƙon ya ɗaga murya.

"Jama'a, jiya war haka ina Kwarin Ɗinya," in ji baƙon, idonsa a waje. "Ruwa garai-garai, na sha. Kuma garken yana can. Na ga jan bijimin, ƙahon hagu a karye, ga watan a goshinsa."

Gawayi ya suɓuce daga hannun Isufu. Bunu bai dubi baƙon ba. A hankali ya juyo, ya bi rumfar da ido har ƙarshenta, inda rana ke duka.