Ruwan Alƙali da Fitilarsa

A cikin bokiti kunkurun ya zo gidan Kaka, tankinsa na gilashi kuma nannaɗe da bargo a bayan mota kamar jariri. Kunkurun ruwa ne, bai fi tafin hannu ba. Jikarta ce ta raɗa masa Alƙali, don idan ya hau dutsensa ya miƙe wuya, sai ka rantse ƙara yake saurare.

Uban yarinyar aka yi wa canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Masauki za su fara sauka kafin su sami gida, masauki kuwa ba ya karɓar tanki. Shi ne aka ce a bar Alƙali wajen Kaka har a dawo ɗaukarsa.

Ita jikar, 'Yar Shiru ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Sai ka yi mata tambaya har ka gaji kafin ka sami "i" ko "a'a". An duba, an ce lafiyarta lau, surutun ne bai dame ta ba. Amma a gaban tankin nan sai ka ji ta tana zuba, tana ba Alƙali labarin makaranta, wa ya ture wa, wa ya sace mata fensir. Ranar tafiya ba ta yi kuka ba. Hannun Kaka kawai ta kama ta ɗora a jikin gilashin, ta dube ta. Kaka ta ce, "Na karɓa, 'yar nan. Jeki abinki."

Surukinta, uban yarinyar, shi ne ya haɗa tankin a falo, a gurguje, mota na jira. Ga matatar ruwa, ɗan akwati mai gurnani a kusurwa, tana tsotsar ruwa ta tace ta mayar. Ga fitilu biyu a saman dutsen. Ya fara bayani, maigidan Kaka ya ɗaga masa hannu.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake haɗa wutar gidajen mutane. Fitila ce za ka koya min?"

Mai Wuta ake ce masa a unguwa, ko da yake ya daɗe da ajiye tsani. Ita kuwa Kaka, ƙuruciyarta duk a asibiti ta ƙare, tana wanke ɗakin tiyata. Macen da ko cokali ta ara sai ta mayar da shi ya fi yadda ya zo haske. Shi ya sa maigidan yake ce mata Sarkin Tsafta, ita kuma idan ta so tsokana ta ce masa Injiniya.

To, kowa da sana'arsa, kuma sana'a ba ta barin hannu.

Wata safiya Mai Wuta ya fita wajen abokan hirarsa, Kaka ta buɗe matatar nan don ta ga me ke ciki. Ta tarar da soso ya yi ruwan ƙasa, yana yauƙi, yana warin laka.

"Subhanallahi! A cikin wannan ƙazantar bawan Allah yake kwana? Yaran zamani!"

Ta tafasa ruwa, ta kawo sabulu, ta kawo ruwan nan mai farar da kaya da suke wanke ƙasan asibiti da shi. Ta dirje soso har ya koma fari tas. Ta zubar da ruwan tankin kaf, ta goge gilashi da dutse, ta cika da sabon ruwan famfo. Da ta gama ta ja da baya tana kallo, ranta fes.

Shi kuma, ranar da ta tafi kasuwa, ya kai yatsa jikin fitila ɗaya ya janye da sauri.

"Kai! Wannan ai murhu ne. Tsohon yayi, sai cin wuta."

Ya dubi ta biyun, doguwa siririya, haskenta dishi-dishi, ko zare ba ka zura wa allura da shi. Ya cire su duka ya jefa a durowa, ya ɗaura ƙwan fitila na zamani, fari ƙal, mai sanyi, wanda ko wuni ya yi a kunne sai ka kama shi da hannu. Falo ya haske. Bai faɗa mata ba, ita ma ba ta faɗa masa nata ba. Wa ke ba da labarin aikin da ya saba?

Ba a jima ba ruwan ya fara yin fari-fari kamar na wankin shinkafa. Kaka ta ce lallai wankin bai isa ba, ta ƙara. Ruwa ya ƙara gurɓacewa, ta ƙara ƙaimi. Alƙali ya daina hawa dutse. Ya koma kusurwa ya lafe, idanunsa suka kumbura suka rufe. A zuba masa abinci, sai ya jiƙe ya nutse bai ko waiwaya ba.

Kullum da la'asar 'Yar Shiru take kira a wayar uwarta, tambayarta ɗaya: "Kaka, ya ci?" Da farko amsar ba wuya. Daga baya Kaka ta koma cewa, "Yana hutawa." Ran nan yarinyar ta ce, "Nuna min shi."

Kaka ba ta taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa. Mai Wuta ne ya karɓe wayar ya shiga ba ta labarin kyanwar maƙwabta har aka rabu. Da ya ajiye, Kaka ta zauna a gefen kujera, hannu a haɓa.

"Malam, in dabbar nan ta mutu a hannuna, da wa yarinyar nan za ta yi magana?"

Bai tsokane ta ba wannan karon. Ya ce, "Ɗauko bokiti gobe da safe."

Asibitin dabbobi ɗaki ne mai benci dogo, ga mai kare ga mai zomo a kwali, sai tankin kifi a jikin bango. Kaka ta rungume bokiti a cinya tana leƙawa, tana duba ko yana motsi. Likitar budurwa ce mai fara'a. Ta juya Alƙali, ta danna ƙoƙon bayansa, ta buɗe masa baki, sannan ta sa shi a roba cike da ruwa ta tsaya kallo.

"Bai karkace ba, daidai yake iyo. Huhunsa lafiya. Ku kwantar da hankali, Mama, ba mutuwa zai yi ba."

Kaka ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

"Amma a ba ni labarin gidansa," in ji likita. "Yaya ruwansa?"

Nan Kaka ta gyara tsayuwa, an zo fagenta. "Ruwa kam, 'yata, ko ke kya sha. Kullum sabo. Soson nan ma da na tarar baƙi ƙirin, yanzu ya fi haƙorinki fari."

"Da me kike wanke shi?"

Ta faɗa mata. Likita ta rufe baki da hannu, ta sake buɗewa.

"Mama, dattin nan da kika gani, shi ne maganin. Akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, a cikin soson suke zaune. Su ke cinye gubar kashinsa da fitsarinsa. Duk wankin da kika yi, su kika kashe, guba ta zauna a ruwa tana cin idonsa. Ga kuma ragowar maganin wankin."

"Ƙwayoyin cuta kike nufi? Ni da na tsufa ina yaƙi da su, yau kuma kiwonsu zan yi?"

"Waɗannan 'yan gida ne, Mama."

Mai Wuta ya kasa haƙuri. "Na faɗa! Wata rana ni ma sai kin jiƙa ni a ruwan nan kin shanya. Likita, ko inuwata ta gifta falo sai ta bi da tsumma."

"Kai kuma, Baba, fitilarsa fa? Yana hawa shan ɗumi?"

"Fitila kam ba matsala, ni na gyara ta da hannuna. Na cire masu zafin nan na sa mai sanyi."

Kaka ta juyo a hankali. "Ka cire me?"

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yi musu bayani. Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya hau dutse ya gasu, in bai gasu ba cikinsa ba ya narkar da abinci, sai ya daina ci. Mai zafin nan aikinta ke nan. Mai dishi-dishin kuma madadin rana ce, ita ke sa ƙashinsa da ƙoƙonsa su yi ƙwari. Ba don a ga hanya aka sa su ba.

"Injiniya," in ji Kaka, da murya mai sanyi, "ashe tare muka yi aikin."

"Ni sanyi kawai na sa masa. Ke kika zuba masa guba."

"Kai ka hana shi ci!"

"To, an raba muku daidai," in ji likita. Ta ba su maganin ɗigawa a ido, da wani na ɗigawa a ruwan famfo kafin a zuba. Sannan ta je tankin kifin nan na bango, ta buɗe matatarsa, ta yanko rabin soso mai yauƙi ta sa a leda da ɗan ruwa, ta miƙa wa Kaka.

"Iri ne. Ki sa a taku matatar, su hayayyafa. Kada ya bushe a hanya."

Kaka ta karɓa da yatsu biyu, ta riƙe shi nesa da jiki har gida. A mota Mai Wuta yana cewa ta sa a jaka mana, tana cewa ya sa a aljihunsa in yana so.

Da suka isa kowa ya kama nasa. Ya zazzage durowa ya samo fitilun, ya mayar da su. Likita ta ce hasken mai dishi-dishin ba ya ratsa gilashi, don haka ya ɗauke murfin gilashin da ke kan tankin ya yanka raga ya ɗora. Ya yi ta ɗaga mai zafin yana saukewa, yana kai bayan hannu kan dutsen, har ya sami ɗumin da ba ya ƙuna. Ya kuma tono wani ɗan agogo a cikin tarkacensa, ya haɗa da soket, fitilu su kama da safe su mutu da yamma da kansu. Yana yi yana fito, abin da ya daɗe bai yi ba.

Nata ya fi wuya, don aikinta shi ne ta bar abu yadda yake. Ta jefar da farin soson, ta ɗauraye akwatin da ruwa zalla, ta tura na likita ciki tare da wani sabo, ta rufe tana kau da kai. Ruwa kuma ba a zubarwa duka. Kaɗan ake zuƙewa da tiyo daga ƙasa inda datti ke taruwa, a mayar da wanda aka ɗiga wa magani. In soso ya toshe, a cikin ruwan da aka zuƙe za a matse shi, ba sabulu, ba ruwan zafi. Abu ɗaya likita ta bar mata: wanke hannu bayan an taɓa shi. Wannan kam ta riƙe shi da ƙarfi, har Mai Wuta ya ce fatarsa ta kusa ƙarewa.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Kaka ta ɗauka da kanta.

"'Yar nan, Alƙali ba shi da lafiya. Mun kai shi asibiti, likita ta ce zai warke. Ni da kakanki ne muka yi masa gyaran da bai nema ba."

Yarinyar ta tambaya:

"Ya ji tsoro a mota?"

"A cinyata yake har muka je muka dawo."

"Ki riƙa yi masa magana. Ba ya son shiru."

Haka kuwa aka yi. Kaka ta jawo kujera gaban tanki, a nan take tsince wake, a nan take ninke kaya, tana ba Alƙali labarin tsadar kasuwa da halin maigidanta. Mai Wuta ya ce ya gode Allah da aka sami wanda zai karɓe shi. Ruwan bai washe nan take ba, sai da ya gwada haƙurinta. Wani kore-kore ya fara fitowa a gefen dutsen, hannunta yana ƙaiƙayi, ta zauna a kansa. A hankali farin ya janye, har ana ganin ƙasan tankin. Kumburin ido ya saɓe, ɗaya ya buɗe, ɗayan ya biyo.

Wata hantsi tana shara ta ji ƙwas-ƙwas. Ta waiga. Alƙali ne ke jan jiki yana hawa dutse. Ya zame, ya sake. Da ya kai sama ya baje ƙarƙashin fitila, ya miƙe ƙafafun baya kamar mai gida a kan tabarmarsa. Kaka ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallo, har ya gasu ya faɗa ruwa. Sannan ta lallaɓa ta jefa ƙwayar abinci ɗaya. Ya dube ta, ya zagaya, ya miƙo wuya ya cafke.

Ta yar da tsintsiya, ta ƙwala wa maigidanta kira.

"Malam! Malam, kawo waya! Yana ci!"

Ya shigo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ta jefa wata, Alƙali ya haɗiye. Ta jefa wata. Mai Wuta na riƙe da waya, ya ƙanƙance ido, yana cewa, "Yauwa, yauwa, na kama shi." Da suka duba abin da ya ɗauka don su aika wa yarinyar, ba kunkuru ba dalilinsa, sai hancin Mai Wuta da rabin gemunsa sun cika allon wayar.

Kaka ta yi dariya har hawaye, tana sharewa da gefen zane.

"Juya wayar, Injiniya."

"To ƙara masa."

"Likita ta ce kada a cika masa ciki."

"Ɗaya tak, Sarkin Tsafta. Ta yarinyar ce."

Ta karɓe wayar ta juya da kanta, ta miƙa masa gwangwanin abincin. Alƙali na bakin gilashi, wuya a miƙe, yana jira.