Kafaɗar Rekiya

Baba Sodangi ya ce shi ya riga kowa ganin abin nan na yanko hoto a duk ƙasar Kurfi. A kasuwar Dutsin-Ma ya gani, tun yana da baƙin gemu, wurin Boaz mai hoto, wanda kan sa reza ya yanko mutum daga cikin taro ya manna shi a farar takarda.

"To amarya, mi injin naki ya zo da shi sabo?" ya tambayi jikarsa Jannat, mai karatun noma a jami'a.

Ta juyo masa da kwamfutar. Hotunan ganyen wake ne daga gonakin Karofi, guda ɗari huɗu. Da can sai ta bi gefen kowane tabon cuta da hannu kafin ta kwafe shi. Yanzu ta rubuta umarni, na'urar ke zagaye tabon komai karkacewarsa, ta kwafe, ta wuce na gaba.

Sai tsohon ya zaro wani hoto daga aljihu. Mata bakwai ne a wani biki a Birchi, gara ta cinye uku, ta doshi ta huɗu. Ta huɗun ita ce Rekiya, matarsa marigayiya, kuma ba ta da wani hoto a duniya sai shi.

"Fiddo mani ita ita kaɗai, kafin a cinye ta."

Jannat ta ɗauki hoton da waya, ta ba na'urar. Sai ga mace mai kai biyu ta fito, faɗinta kamar rumbu. Anko suka yi ran nan, atamfa iri ɗaya, na'urar ta kasa gane inda Rekiya ta ƙare da inda ƙanwarta Hassana da ke gefenta ta fara.

"Angona, ashe biyu ka aura ba mu sani ba!"

"Ke tafi can! Ni da ban taɓa zama aji ba, ni zan koya wa injin naki. Yunwa ba ta kashe ni ba, kwalara ta gwada ta bari."

Ya ɗora yatsa a kan gilashin, Jannat tana bin sa da layi. Da ya zo kafaɗar hagu sai ya sauko ƙasa, nesa da inda ido zai zata.

"Baba, ka yanke ta."

"Ban yanke ba. Ran da motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Kurfi ta karye a nan. Ni na goyo ta har gida. Tun ranar kafaɗar ba ta koma daidai ba. Zanen saman nan na Hassana ne."

Layin ya haɗe. Rekiya ta fito ita kaɗai, a ɗan karkace, kamar yadda takan tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

"Hassana na nan da ranta a Kutawa," ya ce. "Duk mai musu ya hau babur ya kai mata hoton. In ta ce na ɗebi ko zare ɗaya na zanenta, a aske mani gemu a tsakiyar kasuwa."