Muciyar Saloma Ba Za Ta Zanzibar Ba

Da ƙyar Saloma da Alhaji Muntaka suka ɗora akwatin a kan sikelin da yake auna buhunan waken suya a kasuwar Zuru. Allurar ta yi gaba abinta, ko waiwaye babu. Alhaji ya duƙa ya duba, ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Maman Gladys, tsakaninki da Allah, mi kika zuba cikin wanga akwati? Dutsin niƙa?"

"Kayan tafiya ne kawai, Alhaji."

"To ya zarce abin da ɗiyarki ta ce, nesa ba kusa ba. Jirgin sama fa ba motar Mahuta ba ne da za a ce a ɗaure saura bisa."

Gladys, 'yar Saloma da ke aikin jinya a Abuja, ita ce ta biya wa iyayenta hutun mako guda a tsibirin Zanzibar, kuma gobe da safe za su hau mota zuwa Abuja. Saloma ba ta taɓa ganin teku ba. Mijinta, Saje Ishaya, ya gan shi a Saliyo lokacin yana soja, ya kuma ba ta labarinsa har ta haddace. Tana son tafiyar nan kamar me, sai dai abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Duk unguwarsu ta Rikoto an san Saje ba ya cin komai sai tuwon dawa da miyar kukar matarsa. Ko biki ya je, da yunwarsa yake dawowa. Tsoronta kada su je ƙasar mutane ya rame, kwana biyu ya ce a tattara a koma gida.

Alhaji ya sa ta buɗe akwatin. Zannuwa biyu ne a sama don rufa asiri. A ƙarƙashinsu ga garin dawa cikin leda, ga kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa, ga 'yar tukunya an cusa mata tawul. Muciya kuma ta kwanta a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Dariya ta hana Alhaji magana. Da ya samu numfashi ya ce, "Shekarar da na tafi Makka, wani mutumin garinmu ya riƙo daddawa. Da aka buɗe jakarsa a filin jirgi, sai da ma'aikacin ya ja da baya ya kira na gaba da shi. Ni dai na yi kamar ban san shi ba."

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Gladys ce, kuma ta bidiyo ta kira. Saloma ta yi ƙoƙarin kare akwatin da jikinta, amma Alhaji, da yake ba ya raina abin tsokana, ya karɓi wayar ya haska wa Gladys komai.

"Mama! Muciya?"

"Babanki zai ci me?"

"Mama, otal ne. Babu murhu a ɗakin, kuma ba za su bar ki shiga kicin ɗinsu ba. Ki cire duka. Ki sa kaya marasa nauyi, na auduga, don akwai zafi da gumi. Ki sa mayafi guda, mutanen can Musulmi ne, in za ki shiga gari ki rufe kafaɗa."

"Ni za ki koya wa yadda ake shiga cikin Musulmi? Ga Alhaji nan, tambaye shi."

"To na ji. Ruwan gora kawai za ku sha, ban da na famfo. Man sauro da na aiko, ki shafa da yamma. Maganin hawan jinin Baba a jakar hannu zai zauna, kada ki sa shi a babban akwati, don akwati yakan yi nasa yawon. Sannan Mama, ki saurare ni da kyau: ruwan teku yakan janye ya tafi can nesa, har ki ga ƙasa fili. Kada ki ce za ki bi shi ki ga inda ya tsaya. Dawowa yake yi, kuma ya fi ki sauri."

"Ruwa ya tafi ya dawo da kansa?"

"Kullum."

Saloma ta kalli Alhaji don ya ƙaryata, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi Bahar Maliya ma ta tagar mota ya hango ta.

Sai ga Ishaya a kan babur ɗinsa, ya rataye takalman roba ƙafa biyu a wuya, waɗanda Gladys ta ce a saya saboda ƙayar da ke cikin ruwan. Katin rigakafin cutar shawara, nasa da nata, suna leƙowa daga aljihun rigarsa. Tun da aka ce masa ba a shiga ƙasar sai da su, ko wanka zai shiga sai ya san inda ya ajiye su. Ya gaisa da Alhaji, ya tsaya a kan akwatin ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce miki yaƙi za mu?"

"Don kai na yi, Baban Gladys. Ba ka cin abincin kowa."

"A Saliyo me kike tsammani na ci? Shinkafa da miyar ganyen rogo, da kifi har da ƙaguwa. Ƙiba ma na yi, ke da kanki kika faɗa."

"To me ya sa kake dawowa daga biki da yunwa?"

Ishaya ya sosa ƙeya, ya kalli Alhaji kamar mai neman shaida. "Farkon aurenmu na ci tuwo a gidan gwaggona, na dawo na ce na ƙoshi. Kwana nawa kika yi ba ki amsa gaisuwata ba? Soja sau ɗaya yake taka nakiya."

"Ƙarya kake yi mini a gaban mutane!" in ji Saloma. Amma ta tuna, kuma kunya ta kama ta har ta ja ɗankwali ta rufe baki. Gladys, da ba a kashe wayar ba, tana ta ƙyaƙyata dariya daga Abuja.

Saloma ta fara fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan muciyar sai hannunta ya tsaya. Ta ji daɗi da mijinta ba zai kwana da yunwa ba, amma wani sabon tsoro ya taso mata, wanda ya fi na farkon.

"To ni me zan yi a can? Mako guda cur?"

"Zama."

"Zama kawai?"

"Saloma," ya ce, ya sassauta murya, "shekara da shekaru na yi golmo, ina noma gonar babanki don a ba ni ke. Tun da na kawo ki gidana ban taɓa ganin kin zauna abinci ya zo ya same ki ba. Shi nake so in gani, ba teku ba. Teku na riga na gan shi."

Ta miƙa wa Alhaji muciyar ya ajiye mata, aka mayar da akwatin kan sikeli, allurar ta tsaya inda ake so.

A hanyar gida Ishaya ya tsayar da babur a rumfar Talatu mai abinci, ya ce gara su fara gwaji tun a nan. Talatu ta zaro ido da ta ga Saje ya zauna a bencinta, har ta leƙa waje ta ga ko wani ya gani. Ta kawo shinkafa da wake da soyayyen kifi. Ya share kwanonsa tas, Saloma tana kallonsa, rabi daɗi rabi haushi. Ita ma ta ci, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma ta cinye.

Suna gamawa ta miƙe ta haɗa kwanonin, ta nufi inda bahon wanke-wanke yake. Ishaya ya bi ta da kallo. Ta tsaya a tsakiyar rumfar da kwanoni a hannu. Sannan ta dawo a hankali, ta ajiye su a kan tebur yadda suke, ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya.

"Talatu," ta ce, "kawo mini ruwan wanke hannu."