Sammaci a Rumfar Tsire

Ɗanasabe na cikin barbaɗa ƙuli a kan tsire sai masinjan kotu ya yi sallama, ya miƙo masa ambulan. Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Manoman rani na Bakolori sun sayar da tumatir da albasarsu, sun fara zama a bencinan rumfarsa suna jiran wasan ƙwallon la'asar.

Ya goge hannu ya buɗe. Takardar da Turanci take, bai iya ba, amma hoton da aka liƙa a bayanta bai buƙaci tafinta ba. Rumfarsa ce, ga talabijin ɗinsa a rataye, ga ƙeyoyin mutane kusan arba'in.

"Mi na yi?" ya tambaya.

"Kamfanin da ke sayar da tashoshin ƙwallo ne ya yi ƙararka," in ji masinja cikin raɗa, yadda ba mai ji. "Wai katin kallon gida ka saya, kake nuna wa jama'a a wurin sana'a. Ran Litinin za ka bayyana."

Ɗanasabe ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Labaran mai gidan kallo yana zaune a ƙofarsa yana jan carbi. Shi kuɗin shiga yake karɓa, kuma tun da Ɗanasabe ya sa talabijin, duk wanda ya sayi tsinke biyu ya kalla kyauta, rabin mutanen Labaran suka tsallako. Labaran ya ɗago hannu ya gaishe shi. Ɗanasabe ya amsa da ka kawai.

"A kunna mana, an kusa take wasa," in ji wani manomi daga Birnin Tudu.

"Ta lalace," in ji Ɗanasabe.

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa da waya a hannu. Har Jatau, amininsa tun suna mahauta tare, da ya ga ya sunkuya yana latse-latse, sai ya ji bai yarda da shi ba.

Ya rufe tukubar da yake gasa tsire, ya hau kabu-kabu zuwa ofishin Hauwa'u, 'yar yayansa da ta karanta lauya. Ta karanta takardar sau biyu.

"Baba, maganar gaskiya suna da hujja. Gara mu nemi sulhu, ka koma katin 'yan kasuwa."

"Sulhu ya jira. Wa ya ɗauki hoton nan? Ni Labaran nike zargi."

Ashe akwai faifan bidiyo a cikin ambulan, sai ta sa shi a kwamfuta. Hoton ya fara motsi, wata murya ta tashi tana dariya: "Ku garzayo rumfar Ɗanasabe! Kallo kyauta, tsire da zafinsa!"

Muryarsa ce. Ranar wasan ƙarshe ya ɗauka, don talla.

"Wa ka tura wa, Baba?"

Ya ce, "Zauren mahauta na waya. Mu goma sha tara ne."

"Labaran da kake zargi yana ciki?"

"Ba ya ciki."

Da ya koma, bencinansa babu kowa, ihun 'yan kallo daga tsallaken titi yake fitowa. Yana ture toka daga garwashi sai ga Labaran. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa da gajiya, sannan Labaran ya ciro 'yar takarda daga aljihu.

"Shekara uku ke nan ni ma suka yi mini wanga aiki. Ga lambar wanda ya sasanta mu a Gusau. Ka kira shi kafin Litinin, kada ta kai ga alƙali."

Ɗanasabe ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, har ya naɗe masa tsire a takarda ya ƙi karɓar ko sisi. Ya tsaya yana kallonsa ya tsallaka titi.

Sai da Labaran ya shige gidan kallonsa sannan Ɗanasabe ya tuna bai faɗa wa kowa a kasuwar nan cewa Litinin ce ranar kotu ba.