Kaset Ɗin 'Yan Ƙarƙashin Ruwa

A shagon Abdulmumini mai gyaran rediyo, nan Talata Mafara, muna da majalisar masu son kiɗa. Duk ranar kasuwa bayan la'asar mutum ɗaya ke kawo kaset. Dokarmu ba ta da yawa: in aka cire kaset ɗinka kafin waƙa ta ƙare, to ka sauka daga benci, kuma ba ka sake hawa.

Ni dama bencin ya fara yi mini zafi. Ina kanikanci a wurin aikin madatsar Bakolori, ruwan da muka tare kuwa shi ya haɗiye gonakin Jibrin a ƙasar Maradun. Jibrin abokina ne tun ƙuruciya, amma tun lokacin in na zauna sai ya matsa, ya riƙa kirana ɗan kamfani. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Da layi ya zo kaina, sai na kawo kaset ɗin da Gwilim ya ba ni, wani Bature mai walda da muke aiki tare. Shi in ka ce masa ɗan Ingila sai ya yi jajir, ya ce shi mutumin Wales ne, harshensu daban. Makaɗan samari ne na ƙasarsu, ko can ba a san su sosai ba. Sunansu ya fi ƙarfin bakina, don haka na sa musu 'Yan Ƙarƙashin Ruwa.

Na ce wa jama'a, "Wanga kiɗi ba ku taɓa jin irinai ba. Waƙa guda ce ta cika gefe guda na kaset. Ku dai yi haƙuri da ita."

Jibrin ya ce, "Sun ci gonakinmu, yanzu kunnuwanmu suka so?"

Aka yi dariya. Ban kula ba, na danna.

Gaskiya farkon ba ya taimakon mai talla. Sarewa ta yi ta yawo ita kaɗai, can molon lantarki ya faɗo da ƙara, ganga ta ɗauki wani taki, kafin ka gyaɗa kai ta sake wani. Isa tela, wanda ko an buga kwano sai ya taka, ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai ajiye ta. Ya ce mini, "Ɗantani, waɗanga makaɗa faɗa suka yi da juna?"

Na ce, "Kai dai saba kunnenka da abin da ya fi ɗinkinka tsawo."

Sai kiɗan ya ɗauke ɗif. Jibrin ya miƙe ya nufi rediyo, ya ce tun da abin ya mutu da kansa, a cire gawar. Na riga shi, na dafe murfin da tafin hannuna.

"Ba ta ƙare ba."

"Ɗauke hannunka, ɗan kamfani."

"Wallahi ba ni ɗaukewa. In kun so ku kore ni, ku kore ni bayan ta ƙare."

Muna tsaye ido cikin ido, sai murya ta fito daga cikin shirun, ta namiji ɗaya, ba ganga ba komai. Yana faɗin kalma, ya dakata, ya faɗi wata. Duk wanda ya tashi cikin makaɗa ya san kiran suna in ya ji shi, ko da wane harshe ne.

Jibrin ya ɗaure fuska ya ce, "To ga shi nan, roƙo ne. Wane mai kuɗi aka wasawa?"

Na ce, "Babu mai kuɗi ciki. Gwilim ya ce sunayen gonaki ne. An tare musu kogi don wani babban birni ya sha ruwa, ƙauyen ya nutse. Kowace gona suna kiranta da sunanta, don kada a ce ba a taɓa yin ta ba."

Muryar ta ci gaba da kira, tana barin fili bayan kowane suna. A cikin wani filin sai na ji Jibrin, a hankali: "Fadamar Hindu." Baturen cikin kaset ya kira tasa. Jibrin ya ɗaga murya: "Gonar Ɗanlami. Tsamiyar Nagode." Haka suka yi ta karɓa wa juna, har masu wucewa da jakuna suka tsaya a bakin ƙofa. Da kiɗan ya dawo da ƙarfinsa duka, Jibrin bai yi shiru ba, ya ƙara ɗaga murya sama da gangar. Na ga idonsa ya cika, ni ma nawa haka.

Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Sai a lokacin na ɗauke hannuna, ya yi gumi sharkaf.

Jibrin ya koma benci bai dube ni ba. Ya tattara bakin rigarsa daga gurbin da ke kusa da shi, ya buga katakon da hannu.

"Zamna, Ɗantani. Maido shi farko, akwai gonar tsohona da ban kira ba."