Haske a Ɗakin Ɓeraye Mata

Shekara goma sha tara tana kwashe kashin ɓeraye a gidan bincike, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Uwar Ɓeraye. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne, duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa riƙe macen ɓera ko ɗaya ba. Maza zalla Farfesa, shugaban gidan, yake sa a kawo. Aikinsu auna agogon jiki ne: a sa ɓera a keji da 'yar taya, a bar shi cikin duhu, kwamfuta ta riƙa zana lokacin da ya tashi gudu da lokacin da ya kwanta. In ka tambayi Farfesa ina matan, sai ya gyara tabarau ya ce, "Mace duk kwana huɗu jikinta ya juya, ta ɓata mini aiki." Ka ji fa! Sai ka ce ba mace ce ta haife shi ba.

Sai ga Dakta ta zo, wata 'yar siririya mai taurin kan tsiya. Shekara biyu tana naci har Farfesa ya gaji ya ba ta dama ɗaya tak: mata arba'in, mako shida cikin duhu. In layukan da kwamfutar ke zanawa sun fito da tsari, za a ci gaba da mata a gidan. In sun watse, an rufe zancen, ita ma ta san inda dare ya yi mata.

Ɗakin duhun ƙofa biyu gare shi, da ɗan lungu a tsakani. Ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu ruf, don farin haske na 'yan mintuna ya isa ya ture agogon ɓera. Uwar Ɓeraye ce ta koya wa rabin ma'aikatan wannan doka, har da zagi.

Abin da ba su sani ba, nata agogon ya riga ya lalace. Tun da al'adarta ta ɗauke bara, barci ya yi mata ƙaura, ga wani zafi da ke taso mata ba sallama. Ta je asibiti, likita bai ko ɗago kai ba ya ce, "Shekaru ne, Mama, sai haƙuri." Dakta kaɗai ta gaya wa. Ita kuwa ta ce, "Inna, in muka gane nasu, wata rana a gane naki." Daga ranar Uwar Ɓeraye ta ɗauki ɓerayen nan kamar 'ya'yan cikinta.

Rana ta talatin da takwas, da hantsi, tana ciki da 'yar jar fitila a goshi tana canza musu ruwa, zafin ya taso daga ƙirji ya shaƙe ta. Numfashi ya gagara. Ta fizge ƙofar ciki, ta banka ta waje, ta zube a lungun, ƙafarta ta tokare ɗaya, kafaɗarta ta tokare ɗaya. Ba ta san minti nawa ta yi ba. Da ta dawo hayyacinta, hasken baranda ya cika ɗakin fal, ga matan nan sun yi cirko-cirko a kan tayoyinsu.

Innalillahi! Ta rufe ƙofofin, ta goge zufa, ta ɗauki littafin ɗaki da ake rubuta duk abin da ya faru. Biro na hannunta. Kunya da tsoron kora suka danne ta, ta rubuta "lafiya lau".

Cikin kwana huɗu layukan suka tarwatse, wasu gaba, wasu baya, wasu ko gezau. A ofis Farfesa ya baje takardun a tebur yana murmushi. "Ban faɗa ba? Mace ba ta da agogo." Idanun Dakta suka kaɗa. Uwar Ɓeraye, da aka kira don ta kawo littafin, ta ji ba za ta iya ci gaba da ɓoyewa ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Na buɗe ƙofa biyun."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ke? Ke da kika taɓa koro ni daga lungun nan? Haba, Uwa. Na san kina son yarinyar nan, amma kada ki yi wa kanki ƙarya."

"Wallahi tallahi ni ce."

Dakta ta yi wuf ta ce, "To a yanke a kwana talatin da bakwai, ranka ya daɗe, har nan layukan suna da tsari."

Ya buɗe littafin ya ɗora yatsa a kan "lafiya lau". "Rubutun wa ne wannan? Abin da ba a rubuta a ranarsa ba, bai faru ba. Sai da sakamako ya ƙi ki sannan za ki datse wutsiyarsa? Wannan maguɗi ne, Dakta."

A baranda Dakta ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Inna, na yarda ke ce. Layi ɗaya fa. Da kin rubuta layi ɗaya, da mun tsira." Ta wuce ta fara kwashe littattafanta.

Ba a kori Uwar Ɓeraye ba, ba a ko harare ta ba, wannan ne ya fi ci mata rai. Ɓeran da aikinsa ya ƙare ba a ajiye shi, kuma kashe su aikinta ne. Da azahar ta kunna farar fitilar ɗakin, tunda yanzu ba abin da za ta ɓata, ta jawo kejin farko. Macen ta hau tafin hannunta tana shinshinar yatsunta, ta ɗauka abinci aka kawo.